Jiran Sunan Perl

Jaririyar Shoshana ta doshi wata guda a duniya, har yanzu ba ta da suna. Uban jaririyar, Lev, yana ce mata Baƙuwa. Dangi kuwa in sun bugo waya sai su ce, "Ya mutuniyar?" su ɗan yi shiru, su koma zancen sanyi. A birnin Winnipeg cikin Janairu zancen sanyi ba ya ƙarewa, shi ya sa yake da daɗin fakewa.

Ba rasa sunan aka yi ba. Suna yana nan a zuciyar Shoshana tun tana 'yar makaranta: Perl, sunan mahaifiyarta. Ita Perl ɗin sunan kakarta ta ci, kakar ma ta ci na wata, haka abin ya gangaro tun daga ƙauyen da babu wanda ya sake komawa. Matsalar ɗaya ce: Yahudawan gidansu ba sa sa wa jariri sunan mai rai. Sai mutum ya kwanta dama ake ɗaukar sunansa a ba na baya. Perl kuwa tana nan da ranta a gidan tsofaffi, ta manta kowa har 'yar da ta haifa, kuma tun kafin ƙanƙara ta fara zuba likitoci ke cewa yau ne ko gobe.

Shoshana ita kaɗai Perl ta haifa. Ita ma sai da ta haura shekara arba'in ta samu wannan, da ƙyar da jiɓin goshi, likita kuma ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ita ce 'yar fari, ita ce auta. In aka sa mata wani suna, na Perl ya tsaya ke nan.

Kullum da hantsi Inna Gitel, ƙanwar Perl, takan zo da tukunyar miyar kaza naɗe cikin tawul. Mace ce 'yar firit mai muryar mutum uku. Takan kaɗe ƙanƙarar takalminta, ta sumbaci jaririya, ta faɗi abin da ya kawo ta tana duba wani waje.

"Saurin me ake? Ai ba namiji ba ne, balle a ce ranar kaciya da raɗin suna ta matsa. 'Ya mace tana iya jira."

Jiran me? Wannan ne babu mai faɗa. Kowa ya sani, kowa ya kama bakinsa, ana ta shan miya.

Lev dai mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da suke ganin kowace matsala tana da sukurun da za a kwance. Wata rana tururin miya ya rufe gilashin tagar kicin, ya sa ɗan yatsa ya fara rubutu a kai.

"Shoshi, zo ki gani. Mama P-e-r-l take rubuta nata. Mu sai mu saka harafin a, mu yi P-e-a-r-l. Ko mu ƙara harafin e a ƙarshe irin na Faransawa. Kin ga ai ba suna ɗaya ba ne."

Inna Gitel ta ajiye ludayi. "Kai, ɗan nan, da gaske kake ko sanyi ne ya taɓa maka kai? An gaya maka Mala'ikan Mutuwa karatu yake yi? Kira yake! Ya shigo ya ce 'Perl', biyu su waiwayo, wa zai ɗauka?"

"Inna, ai wannan zancen mutanen da ne."

"To gwada da taka 'yar mana, malam mai ilimi."

Lev ya dubi jaririyar, ya sa gefen hannu ya goge tagar. Can ƙasa-ƙasa ya ce akwai kakarsa marigayiya, Mindel, ba wanda ya ci sunanta tukuna.

"Mindel!" in ji Inna Gitel. "Matar da ko kyanwa ba ta zama a gidanta?"

Sunan bai taɓa yi wa Shoshana daɗi ba, kuma ba na jininta ba ne.

Tun da ta dawo daga asibiti ba ta taka waje ba. Ɗinkin cikinta yana ja, iskar waje tana yanka fuska kamar reza, ƙanƙara ta cinye rabin ƙofar baya. Daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa ɗaki, da yarinya a kafaɗa. In za ta rarrashe ta sai bakinta ya haɗu zai ce "Pe…", ta haɗiye da sauri, ta ce "ke".

Ranar da abin ya kai mata ko'ina, waya ce ta yi ƙara, ta ga lambar gidan tsofaffi. Gabanta ya faɗi. Kafin ta ɗauka, a cikin wannan faɗuwar gaban, ta ji wani abu ya ɗago kai, kuma ta gane shi sarai: sa rai ne, ko za a ce Mama ta cika. Ma'aikaciyar cewa kawai ta yi a kawo wa Perl safa mai kauri. Shoshana ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka har yarinyar ta taya ta. Ta tsani al'adar, ta tsani miyar kaza, ta fi tsanar kanta.

Washegari ta ce a kai ta wajen Mama. Aka naɗe jaririya kamar ƙunshin kaya, Lev ya ɗumama mota, Inna Gitel ta shige baya tana mitar za a kashe yarinya da sanyi.

Suka tarar da Perl a zaune kusa da taga, an taje mata kai, ga kwanon tuffa da aka dama a gabanta. Mai jinyarta ta tare su da fara'a.

"Yau kun zo a sa'a! Kwana biyun nan ta murmure, ci take kamar me. Likita ma ya ce wannan tsohuwa sai ta ga bazara."

"Madalla," in ji Inna Gitel. Amma kafin madallar ta fito fuskarta ta ɗan ɓaci, Shoshana ta gani, Inna ta ga ta gani. Tsohuwar ta juya ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi, idonta ya kawo ruwa. Yayarta ce fa, gado ɗaya suka kwana suna yara.

Perl ta dubi Shoshana irin kallon da ake wa baƙuwa mai hankali. Da ta hango ƙunshin sai ta miƙo hannu. Hannuwan ba su manta komai ba: ta tallafe kan, ta gyara zani, ta leƙa fuskar.

"Tubarkalla. Taki ce, 'yan mata?"

"Tawa ce, Mama."

"Ya sunanta?"

Lev ya sunkuyar da kai.

"Ba a sa ba tukuna."

"Ƙatuwar yarinya haka?" Perl ta kanne ido ɗaya, ta yi 'yar dariyar nan tata ta da, wadda Shoshana ta yi shekaru ba ta ji ba. "Na gane. Wata tsohuwa ake jira, ko? Wace ce? Ki je ki ce mata in ji ni, ta ji kunya ta yi sauri. Ta ci zamaninta, ta zo ta tare wa yarinya hanya!"

Inna Gitel ta toshe baki ta fita. Shoshana ta matsa kusa. Ta dubi uwarta, ta dubi 'yarta a hannun uwarta, ta san cewa sau ɗaya za ta iya faɗin abin da za ta faɗa.

"Wasa nake miki, Mama. Tana da suna. Mindel."

Lev ya ɗago da sauri. "Shoshi, kin tabbata? In na tsaya gaban Attaura ran Asabar na faɗa, ya zauna fa. Da harafin e za a rubuta ko…"

"Rubuta yadda ka ga dama."

"Mindel," Perl ta maimaita, ta yamutsa fuska. "Kai, wannan suna babu daɗi. Amma za ta saba."

Ta miƙa jaririyar, ta jawo kwanonta, ta hau ci hannu baka hannu ƙwarya, tuffa na zuba a haɓarta. Shoshana ta ba Lev yarinyar, ta ja kujera ta zauna, ta karɓi cokalin, ta goge mata baki.

"Ci a hankali, Mama," ta ce. "Babu mai jiran ki."