Fiton Tsoho Baudilio

Casilda ta ɗaga sandar shinge, motar ayaba ta wuce, ta sauke, ta koma ta leƙa kogin ta tagar baya. Ya ƙara cika. Tun da gari ya waye take wannan sintiri tsakanin sanda da taga, kujerar da ƙaramar hukuma ta ba ta ko ɗumi ba ta yi ba. Ruwan ya yi jawur, yana tafe da kututture da ganye, har da wata akuya da ta kumbura.

"Ke kuma me kike yi nan yau?" in ji direban motar madara, yana miƙo mata peso ɗinsa na kuɗin gada. "Ba yau za a kai tsohon ba?"

"Ga tikitinka. Ja gaba, da mutane a bayanka."

Tsohon da yake nufi mahaifinta ne, Baudilio mai fito, wanda ya cika jiya da yamma. Kafin ƙaramar hukumar garinmu ta gina gadar nan, duk mai son ƙetarewa sai ta kwalekwalensa. Gada ta zo, fito ya mutu. Ranar buɗe ta ya tsaya gaban taro ya rantse ko gawarsa ba za ta hau ta ba. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Da Casilda ta karɓi aikin karɓar kuɗin gada, saboda yara biyu da miji da ya tafi neman aiki bai waiwayo ba, sai ya ɗauke mata magana. Ita ma ta ɗauke masa, don taurin kai a gidansu gado ne. Haka suka yi ta haɗuwa a coci kamar baƙi har ya mutu.

Ta je zaman makoki, amma idanun mata sun hana ta sakat, shi ya sa ta gudo bakin aiki da sassafe. A nan ɗin ma zaman ya gagara. Maƙabartarmu tana tsallaken kogi. Al'adar masu fito kuwa, gawarsu a cikin kwalekwalensu take ƙetarewa, kuma ba a ba bare filafili, sai jinin mamacin.

Hantsi ya ɗaga sai ga ƙanenta Efraín a kan babur ɗinsa na haya, sanye da baƙar riga da ta matse shi.

"Goggo Herminia ta ce a fito da kwalekwalen," ya ce. "Ni zan tuƙa."

"Kai? Kai da ko a kwanon wanka sai an riƙe ka?"

"To wa zai yi? Ke ce?"

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi bakin taga. "Duba can. Duba da kyau. So kake mu binne mutum biyu, ɗaya ma ba gawa? Shi ya riga ya tafi, Efraín, bai san inda aka bi da shi ba. Kai kana da mata da ciki."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ta ga tsoro ƙarara a fuskarsa, sai tausayinsa ya kama ta.

"Goggo za ta cinye ni ɗanye."

"Ka ce ni na hana. Ai na saba da baƙin jini."

Ya hau babur ya juya, kuma daga yadda ya ba shi wuta ta san an sauke masa kaya. Ita kuwa nata kayan suna nan. Ta zuba kofi ta manta da shi har ya huce. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Ta ba wani mai motar siminti tikitin babur, sai da ya yi mata magana. Ta yi gaskiya, ta san ta yi gaskiya, amma ta sake komawa taga ta leƙa kogin.

Wajen tsakar rana motar ƙaramar hukuma ta tsaya gefen shinge. Sakatare Don Temístocles ya fito, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Bayansa mai ɗaukar hoto, da ma'aikata riƙe da wani ƙaton kambin furanni mai ɗauke da sunan ciyaman, baƙaƙen sun fi furannin girma.

"Allah ya ji ƙansa, Casilda. Mun ji labari kun yi hankali, ta sama za a bi, ta kan gada." Ya juya ga mai hoto. "Kai tsaya nan. Ciyaman yana tafe, zai tsaya daidai allon gada ya cire hula. Da akwatin gawar ya taka gada ka ɗauka, ka tabbata allon ya fito."

"Hoton me za a yi?" ta tambaya.

"Haba ke kuwa! Tarihi ne. Mutumin da ya fi kowa zagin gadar nan, yau ga shi a kanta, kyauta ma." Ya yi 'yar dariya. "Ai na sha faɗa masa, Don Baudilio, komai daɗewa za ka hau. Ya ce in jira. To ga shi na jira."

Kunnuwan Casilda suka ɗau zafi. Ta tuna tsohon a bakin ruwa da hularsa ta kaba, yana juya wa gadar baya ko da fitsari zai yi, don kada a ce ya kalle ta. Abin haushi ne, abin dariya ne, amma wannan taurin kan shi kaɗai ya rage masa bayan an ƙwace fiton, kuma ita ce da bakinta ta miƙa shi yau da safe.

Ƙararrawar coci ta fara bugawa. Jim kaɗan taron ya ɓullo daga kan kwana, fada limamin coci a gaba, maza ɗauke da akwati a kafaɗa, mata da baƙaƙen lema. A ƙa'idar gada, gawa ba ta biya, kuma ba a sauke sanda sai mai rakiya na ƙarshe ya wuce. Shi ya sa tuni motocin rogo da na shanu suka jeru a baya suna tafiya a hankali, direbobin sun cire huluna kamar ubansu ne ya mutu. Ciyaman ya iso yana haki, ya tsaya inda aka nuna masa.

Taron ya zo shinge ya tsaya. Sanda tana ƙasa.

"Ɗaga mana," in ji Don Temístocles ƙasa-ƙasa.

Ta fito daga ɗakin, ta wuce shi, ta tsaya gaban masu akwati. Goggo Herminia ta dube ta sama da ƙasa, idanunta jawur.

"Sai kuma me? Shi ma tikiti za ki yanka masa?"

"Ku sauka da shi ta gangare, Goggo. Ina filafilinsa?"

Efraín ya zaro ido. "Ke fa kika ce..."

"Na ce kai ba za ka iya ba. Za ka zauna gaba ka riƙe akwati, in na ce kwashe ruwa ka kwashe. In kuma kana tsoro ka bi ta sama, ba wanda zai zage ka."

Ya kalli matarsa, ya kalli kogin, ya fara cire takalmi.

Sai da akwatin ya juya ya kama gangare sannan Casilda ta ɗaga sandar, ta ɗaure ta da igiya. "Masu rai ku bi nan, ku jira mu a can."

"Casilda, in kika bar ɗakin nan, kada ki dawo cikinsa," in ji sakatare, ya manta bai gyara murya ba. "Ga masu neman aikin nan cike da gari!"

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san kuɗin makarantar yara ba ya jira. Ta cire rigar aikin ta rataye a ƙofa. Mai hoto ya tambaya ko ya ɗauki masu rakiya haka nan, ba wanda ya kula shi.

A bakin ruwa tsofaffin masu fito suka ɗaure akwatin a tsakiyar kwalekwale. Goggo ta miƙo mata filafilin. Rabonta da shi tun tana budurwa, ya yi mata nauyi fiye da yadda ta sani. A sama mutane sun cika gada maƙil, sun jingina da ƙarfe suna leƙowa, motocin shanu na bi ta bayansu kyauta.

Ta shiga ta zauna a baya, ta tokare gaɓa da filafili. Ruwan ya fizgi hancin kwalekwalen, Efraín ya rungume akwati yana kiran sunayen waliyyai. Ta danna filafilin da dukan ƙarfinta har jirgin ya miƙe, sannan ta sunkuya dab da katakon.

"Baba, ni ce," ta ce. "Ka riƙe da kyau, ruwan da ƙarfi yau."