Ƙofar Direba

Mufida ta sha alwashin in abin nan ya sake yi mata ƙarya, a tafkin Kainji zai kwana. Ɗan allo ne mai nuna lamba da ta haɗa da hannunta, aikinta na ƙarshe a makarantar koyon sana'a. Ranar Alhamis malamai za su duba shi, in bai ƙirga daidai ba sai ta maimaita shekara.

A ƙofar direba ta motar mahaifinta, Malam Sallau, ta ɗaura shi, don ya ƙirga sau nawa aka buɗe ta. A tsakar gida lafiya lau yake: a buɗe, ya ce ɗaya, a sake, ya ce biyu. Amma mota ta je Wara ta dawo Yauri, sai ga hamsin da wani abu. Mutum ɗaya zai shiga ya fita sau hamsin? Ko akuya ce shi?

Ta zargi wayar, ta canza. Ta zargi ramukan hanya, ta ɗaure maɓallin tam. Ta sake narka dalma har ta ƙone yatsa, Inna tana cewa ɗakin na warin ƙonannen takalmi. Duk a banza. Tsoro ya kama ta sosai.

Ranar Laraba ta shiga gaban mota, allon a cinyarta. Ba su bar gari ba Malam Sallau ya rage gudu, ya tura ƙofa, ya leƙa wajen wani masunci.

"Lukman! Ina gajiya? Ya kamun kifi?"

Ya rufe. Lamba ta ƙaru. Gaba kaɗan ga masu shanyar shinkafa, ya sake turawa. Ashe gilashin tagarsa ya daɗe da maƙalewa a sama, shi kuwa ko ɗan wa ya gani sai ya gaishe shi.

"Baba! Ashe kai na!" Dariya da hawaye suka zo mata tare. "Abina lahiya lau yake!"

Kunya ta kama shi. "Ni na ƙona miki yatsa ke nan. To daga yau na bari, har ki gama jarabawa."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai azumi. Can ga tsohuwa Tabawa a bakin hanya da kwandon busasshen kifi, ta gane motar, tana ɗaga hannu tun daga nesa. Malam Sallau ya kafe ido a kwalta, wuyansa ya sage. Hannun tsohuwa ya fara sauka.

Mufida ta ji abin har cikin ranta. Ta gyara allon a cinyarta.

"Baba, buɗe mata. Shi aikinshi ke nan, ya ƙirga."