Ɗakin da Aka Gina wa Biba

"Kai ne, Abdulhakim. Kai ka kashe ma uwarka baki."

Ko sallama Jaratu ba ta yi ba. Saukarta ke nan daga motar ƙauyensu Allakaye, ta ratsa buhunan albasa a kasuwar Madawa ta tsaya. 'Yan dako suka dakata da lodi. Abdulhakim, ɗan ƙanwarta Biba, ya diro daga babbar mota yana kakkaɓe hannu.

"Inna, lahiya? Mu shiga inuwa."

"Ba ni shiga. Nan za ni faɗi, kowa shi ji."

Bara ne ya gina wa uwarsa ɗakin siminti can ƙuryar gida, da ƙofar ƙarfe, da famfo a bakin ƙofa. Ya sa aka rushe tsohon ɗakinta na laka da ke kan hanyar rijiya. Gari ya yi ta sa masa albarka. Jaratu ma ta sa.

To amma shekara talatin a bakin tsohon ɗakin nan Biba ke zama da hantsi tana tsinkar zogale. Duk macen da za ta rijiya sai ta aje tulu ta tsokane ta, ita kuma ta rama. Nan take jin wa ta haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa. Yanzu ba mai wucewa ta gabanta, ƙofar ƙarfe kuwa ba a buga ta sai da dalili.

"Inna, mi ta rasa? Hatsi na nan, shinkafa na nan. Ko jiya na aika da madara."

"Madarar ka ce mata ina kwana? Mun kai ta wurin likita a Buza, ya auna, ya ce jikinta ba komi. Ya tambaye ta da wa take hira, ta dubi bango. Kwana tara ba ta ce uffan ba. Fura ma sai na ɗura mata."

"Ai ina kira."

"Matar ƙanenka kake kira ka ce a gaishe ta."

Wani ɗan dako ya yi dariya, ta harare shi, ya haɗiye.

Jaratu ta ce jiya ta gaji, ta ja tabarma ta shimfiɗa a kan kufan tsohon ɗakin, ta zaunar da Biba. Sai ga Zuhura mai ƙosai da tulu, ta ce, "A'a, tsohuwar banza, ashe ba ki mutu ba?" Biba ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta buɗe baki.

Abdulhakim ya matso. "Mi ta ce?"

"Cewa ta yi, mi ta yi maka da ka ɓoye ta."

Jaratu ta zauna daram a kan buhun da ake shirin ɗauka, ta gyara zanenta.

"Ni ban da amsar da za ni ba ta. Ba ni tashi nan sai da kai. Ka taho ka zauna kan tabarmar nan ka gaya mata da bakinka."