Turken Ɓangaren Teku

Duk wanda ya girma a Gqeberha ya san iskar garin ba ta da mutunci. Shi ya sa marigayi Tata Ndzube, mai ƙaramar tirelar abinci da ke kusa da teburina a tashar mota, ya kafa doka a kan rumfar tamfol ɗin da ke maƙale jikin tirelar. In za a sauke ta, a fara rage tsawon ƙafafu, a sassauta igiyoyi, turken ɓangaren teku shi ne na ƙarshe. Har ni mai gasa kan tunkiya na haddace.

Da ya rasu sai 'ya'yansa biyu suka yi rabon gado irin na marasa kai. Babban, Mzwamadoda, ya ce tirela tasa ce. Ƙaramin, Thembelani, ya ce to rumfa tasa ce, tunda shi ya ɗinka bakin tamfol ɗin da ake zurawa cikin kwarin ƙarfen jikin tirelar. Ba wanda ya tambayi uwarsu, Mama Nosizwe, alhali a ƙarƙashin rumfar nan take suyar fanke, da shi take ci da kanta.

Ran Asabar da hantsi, iska na kaɗa tamfol kamar ganga, Thembelani ya zo ya hau kwance igiya. Wan ya diro daga tirela ya shaƙe shi. Uwar na roƙonsu su bari kasko ya huce tukuna, amma ko kallonta ba su yi ba. Thembelani ya sa masa goshi a hanci, jini ya wanke masa riga.

"Yaya, ko ƙusa ba ka taɓa bugawa a nan ba," in ji shi yana haki. "Ci kawai ka iya."

"Yau zan buga. A kanka."

Mzwamadoda ya sunkuya ya finciko turken ƙarfe mafi kusa da shi, kuma na ɓangaren teku ne. Na ƙwala masa kira, amma aikin gama ya gama. Ya maka wa ƙanensa a kafaɗa, na ji karyewar ƙashin daga inda nake. Iska ta shige ƙarƙashin tamfol ta ɗaga shi sama, ƙafar rumfar ta gaba ta yi lilo ta doki kasko. Tafasasshen mai ya kife a hannuwan Mama Nosizwe.

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani yaran nan a lokacin ba. Ni na tsoma hannuwanta cikin bokitin ruwa, fata na saɓulewa. Ba ta yi kuka ba. Tamfol ɗin kawai take kallo, ya yage daga kwarinsa ya laƙe a wayar lantarki.

Tirelar na nan a kulle har yau. Hannuwan sun warke, sai dai yatsun sun ƙanƙance, ba sa riƙe ludayi. Yaran kan je gaishe ta, kowa da ranarsa. Turken kuwa ta sa na tsinto mata. Duk wanda ya zo a cikinsu, sai ta tura masa shi gabansa da bayan hannu, sannan ta amsa gaisuwa.