Ɗan Farin Malama Bahijja

Duk wanda ya san Malama Bahijja a Mandawari ya san in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata. Tun ranar da wani alƙalin muhawara ya kayar da ɗalibanta don kawai abokan karawarsu sun fi su ɗaga murya, ta rantse sai ta hau teburin alƙalai da kanta. Shi ya sa da aka buɗe horon alƙalai a wata makaranta kusa da Ƙofar Mata ta riga kowa zuwa. Wanda ya ci gwajin ƙarshe shi za a ba kujera a gasar jiha ta bana. Kujerar nan take so, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Mai horar da su Malam Ari ne, dattijon unguwar Madabo wanda kakanninsa suka zo daga Borno, ga sanyin magana ga tsokana. Ya koya musu bin hujja, ba murya ba. Ya hana su gyaɗa kai in yaro yana magana, ya hana su kallon gugar kayan makaranta. Bahijja kuwa kafin ya rufe baki ta ba da amsa, har yakan ce, "Malama, a bar wa bayin Allah su ma su ɗanɗana mana."

Doka ɗaya ce ya fi nanatawa. "In da naka a cikin masu magana, ɗa ne, ƙani ne, ko ɗan maƙwabci, ka tashi ka faɗa a canza ka. Ba abin kunya ba ne."

Ranar gwaji aka kawo ɗalibai na gaske, za a fitar da wanda zai wakilci cikin birni a gasar jiha. Aka zaunar da mutum uku a tebur: Malam Ari, da wani mai koyo Malam Salihu, da ita. Ta gyara mayafi, ta ɗauki biro. Yara suka shigo, sai ga Umair a cikinsu.

Ɗanta ne, kuma na fari. To, a nan gizo ba ya cikin zancen, al'ada ce tsagwaronta: Bahijja goyon kakarta 'Yardada ce, irin tsofaffin nan da ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "kai" ko "yaron nan". Ba ta yabonsa, ba ta shiga zancensa a gaban mutane. Shi ma ba ya kawo mata labarinsa, balle ta san makarantarsu ta zaɓe shi. Ba kuma mai ganewa a zauren, shi Umair Hashim, ita Bahijja Mikail.

Ta tashi a gaban maza ta ce ga ɗanta? Haba! Ta ci gaba da zamanta. Ta ce a ranta, ai ni na san kaina, adalci zan yi ko waye.

Abin da za a yi muhawara a kai shi ne, sana'ar hannu ta fi aikin ofis. Wani yaro Abdulhakeem ya fara, ya buga tebur, ya cika zauren da murya, aka yi ta tafi. Da Umair ya tashi bai yi ihu ba. Ya ɗauko maganar abokin karawarsa ɗaya bayan ɗaya ya warware. Ya kawo misalin marinar da ke bayan katangar makarantar, inda uba ke mutuwa ɗa ya gaji ramin, ya tambaya wane ofis ne ake gadon kujerarsa. Wallahi daɗi ya kama Bahijja, ta sunkuyar da kai don kada a gani.

Da aka zo yanke hukunci, hannunta ya yi abin da ya saba yi a gida in an kawo ƙarar yaron nan da ɗan wani: ya ba ɗan wani gaskiya. Malam Salihu ma Abdulhakeem ya zaɓa. Malam Ari kaɗai ya zaɓi Umair, biyu suka rinjayi ɗaya.

"To, kowa ya kare hukuncinsa," in ji Malam Ari.

Malam Salihu ya ce, "Ai Malam, kowa ya ji. Yaron nan muryarsa har bakin titi."

Bahijja ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Irin alƙalin da ta zo yaƙa ke nan, ga ta zaune kusa da shi, bakinsu ɗaya. Ta saci kallon Umair. Yana tafa wa Abdulhakeem, fuskarsa ba fushi, ko mamaki bai yi ba. Wannan ne ya soke ta. Tun da ya ga uwarsa a tebur ya san ya faɗi.

Malam Ari ya ce, "Malama Bahijja, muna jin ki. Yau kuma amsar ta maƙale?"

Ta miƙe tsaye. "Malam, ba ni da hujja. Hukuncina ba daidai ba ne, na biyu shi ya ci. Kuma tun farko bai kamata in zauna a nan ba." Ta sunkuyar da kai. "Nawa ne. Na fari."

Matan da ke bayan zaure suka ce, "Iye!" Wata ta rufe baki da mayafi.

Malam Ari ya cire tabarau. "Wane ne naki? Faɗi sunansa mu ji."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, sannan ya tsuke fuska. "Na sha kama alƙalin da ya ɗaga nasa. Wanda ya danne nasa don kara, shi ma yaro ya zalunta, Malama. Na soke ƙuri'arki." Ya kira Malama Ummi, wata mai koyo da ta saurari komai daga baya. Ba ta yi jinkiri ba ta ce Umair.

"Kin san bana ba ki da kujera," in ji Malam Ari.

"Na sani. Baɗi ka ajiye mini ta tsakiya."

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya, amma ta fita kanta a sama. A bakin ƙofa ta tarar da Umair tsaye, idonsa a ƙasa.

"Umma, ki yi haƙuri. Da na san kina nan da ban zo ba."

"Kai, rufe min baki." Ta kalli titi, ba ta kalle shi ba. "Ka cika gaggawa wajen rufe jawabinka, ka gyara kafin gasar jiha. Amma duk zauren nan babu wanda ya kama ƙafarka."

Yaron ya juya mata baya da sauri, yana goge ido da hannun riga. Ta tsaya tana jiransa har ya gama, sannan suka kama hanyar gida.