Jimla Ɗaya Don Furodusa

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, duniyar Yaya ta koma ɗaki ɗaya: gadon ƙarfe, tasar wanka, kwalaben magani a jere kan taga, da kujerar roba da ƙafarta ɗaya ta tsage. Ita ce babba, don haka ba a ma yi shawara ba. Kowa ya sa mata albarka ya kama gabansa.

A safiyar nan kuwa ta sa takalmin fita. Wani ɗakin awon jini ya kira ta ganawar ɗaukar aiki, aikin da ta karanta ta ajiye, kuma sun gaya mata in bana ta wuce shekarunta sun haura ƙa'idarsu. Auta, ƙaninta, ya rantse zai zauna da Baba har ta dawo.

Ya zo, ba laifi. Sai dai ya zo da rigar da ta sha guga, da ƙunshin takardu a hammata, yana ta share zufa. Auta marubucin fim ne, irin wanda har yanzu ba a taɓa haska komai nasa ba.

"Yaya, furodusan nan ya ce in zo yau."

"Yau ɗin nan?"

"Yanzu ma. Tsaya ki ji, ba daɗewa zan yi ba. Mutumin ba ya karanta labari. Daga ƙofar ofis zuwa motarsa, iyakar abin da yake ba ka ke nan. Jimla ɗaya za ka faɗa. In ta kama shi ya tsaya, in ba ta kama shi ba ya rufe mota."

Ta ɗaga kan Baba ta gyara masa matashi. Baba ya bi ta da ido, don bakinsa ya daina aiki.

Auta ya gyara murya. "Labarin wata mata ce mai haƙuri da take jinyar mahaifinta cikin so da juriya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kin ji matsalar? Ni kaina barci take sa ni."

Ya zauna a kujerar roba, ta karkata, ya miƙe. Ya shiga yi mata karatu kamar ita ce ɗalibar. Wai jimlar kirki sai ta faɗi wace ce, me take so, wa ya tare mata hanya, me za ta rasa. Ban da yabo, ban da "mai haƙuri". Wai haƙuri ba ya sayar da tikiti.

"To me take so?" in ji Yaya.

"Mahaifinta ya warke mana."

"Ba zai warke ba. Ita ma ta sani."

Ta faɗa a hankali, ta juya wa gadon baya, sai kunya ta kama ta. Amma haushin da ta daɗe tana haɗiyewa ya riga ya taso mata.

"Fita take so, Auta. Yini guda kawai."

Ya zaro biro. "Ci gaba. Wa ya hana ta? Uban ba zai yiwu ba, ba a mai da majiyyaci mugu."

"Ƙaninta."

Ta zuba masa ido. Ta ɗauka zai sunkuyar da kai, ko ya ajiye takardun ya tuɓe rigar gugar. Ina! Rubutu yake yi, har da ɗan cije leɓe.

"Ƙanin da take so," in ji shi. "Ya fi zafi. Me za ta rasa?"

"Damarta ta ƙarshe."

Ya karanta da ƙarfi, yana auna kowace kalma: "Wata mata da jinyar mahaifinta ta cinye wa ƙuruciya ta samu damar ƙarshe ta fita, amma ƙanin da ya yi alkawarin karɓar ta ya zo da tasa damar a rana ɗaya."

Jimlar ta yi kyau, ita ma ta ji hakan, kuma shi ya fi ƙona mata rai.

"Yaya, wallahi kanki yana ja. Yanzu zan dawo, ki kira su ki ce kina hanya."

Ya duƙa ya taɓa hannun Baba, ya fice. Ta leƙa maƙwabta, matar gidan ta tafi aiki. Ta kira ƙanwar Baba, waya ta yi ta ringi. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, tana lissafin ko za a iya barin mutum shi kaɗai na ɗan lokaci. Sai tari ya sarƙe Baba. Ta yar da jakar ta koma ta tallabe shi.

Rana ta take, ta karkata. Masu awon jini suka turo saƙo mai ladabi, sun gode, sun ɗauki wata.

Tana matse tsumma a tasa waya ta yi ƙara. Auta ne.

"Ya tsaya, Yaya. Ƙafarsa ɗaya a mota ya fito da ita. Muna ofis tun ɗazu, shi ya sa ba ki gan ni ba. Tambaya ɗaya ya yi, na rasa amsa. Wai a ƙarshe matar tana fita?"

Ta maƙale wayar a kafaɗa, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Kai ne mai labarin, Auta. A hannunka take."

Ta ji ya rufe bakin wayar, ta ji maganar maza ƙasa-ƙasa, har da dariya. Ta riƙe numfashi tana jira, don har yanzu ba ta cire rai da yaron nan ba.

"Ya ce a bar ta a ciki," in ji Auta. "Wai mutane sun fi yin kuka."

"To, a bar ta."

Ta kashe wayar. Lokacin juya Baba ya yi, kar bayansa ya yi gyambo.