Littafin Laifin Maryuris

Karo na ashirin da huɗu ke nan da makaranta ta kira Yorlenis Arrieta a cikin shekara ɗaya, kuma kamar da gayya, ba sa tashi kiranta sai man suya ya yi zafi. Ta kashe wuta, ta bar wa maƙwabciyarta Doña Petrona tebur da arepa, wainar masara da ake cusa wa ƙwai, guda goma sha biyu da ko ƙwan ba a fasa musu ba, ta goge hannu a siket.

"Yarinyar ce kuma, comadre, ƙawata?" in ji Petrona.

"A'a, gwamna ne ke son ganina."

Ta tare ɗan babur, ya kwashe ta cikin zafin garin Montería mai narkar da kwalta, tana tafe tana cin rai.

Maryuris, 'yarta tilo, shekararta tara. Ba ta da rashin kunya, ba ta da ƙiwa. Shekara biyu da suka wuce kogi ya cika ya shigo unguwarsu da hantsi, uwar tana wurin sana'a, yarinyar tana cikin ɗaki, ƙofa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Kafin maza su ɓalle ta, ruwa ya kai wa Maryuris ƙirji. Tun ranar, a rufe mata ƙofa ko ruwan sama ya fara dukan kwano, shi ke nan: jiki ya ɗau rawa, numfashi ya sarƙe, ta shige ƙarƙashin tebur tana ihu. Dabara ɗaya ta samar wa kanta. Duk rubutun da idonta ya faɗa a kai sai ta karanta shi da ƙarfi, kalanda ne ko kwalin sabulu, har zuciyarta ta kwanta.

Ita kuwa makaranta tana da littafinta mai baƙin bango, wanda ake rubuta laifin kowane ɗalibi, a kira iyaye su sa hannu. Ta yi ihu. Ta shiga ƙarƙashin tebur. Ta dami aji da karatu ba a ce ta yi ba. Ran nan ma ta ciji Seño Nubia, malamar ajinsu, garin janyo ta daga ƙarƙashin tebur. Yorlenis ta sa hannu sau ashirin da uku, a tsaye, ba ta taɓa karantawa ba. Karatun nata na lallaɓawa ne, ga tabarau kullum yana can gefen kasko, ga ciniki na wucewa.

Kada ma a ce ba ta nemi taimako ba. Ta nema har takalminta ya cinye. Makaranta ta ce ba za a yi wa yarinya wani tsari na daban ba sai da takardar likitan ƙwaƙwalwa. Asibiti ya ce ba za a ga likitan ba sai da wasiƙar makaranta. Ta kai wasiƙar, aka ce babu hatimi. Ta koma aka buga hatimi, aka ce ai wasiƙar ta haura wata guda, a sake sabuwa. Da aka gama wasa da hankalinta, sai aka ba ta ranar ganin likita a watan Afrilu na baɗi. Rajistar sabuwar shekara kuwa Juma'ar nan za a rufe, kuma har yanzu ba a ba Maryuris takardar gurbinta ba. In ta rasa, sai makarantar tsallaken kogi, wadda sai an hau jirgin fito safe da rana. Yarinyar da ko gada ba ta haye sai ta rufe ido!

Ta iske Maryuris zaune a benci ƙofar ofis, ta haɗa kai da gwiwa. Ta kama hannunta suka shiga tare.

Don Eustorgio Támara, mai kula da ladabtarwa, mutum ne mai laushin baki, irin waɗanda za su yanka ka suna tambayar lafiyar gida. Ya miƙe, ya ba ta kujera, har da ɗan kofin baƙin kofi. Nan gabanta ya faɗi. Sau ashirin da uku ba a taɓa ba ta kujera ba.

"Doña Yorlenis, wallahi muna ƙaunar yarinyar nan," in ji shi. "Amma kin gani, yara arba'in da ɗaya a aji, malama ɗaya. Iyaye sun fara ƙorafi."

"Yau me ta yi?"

"Abin da ta saba. Ki dai sa mana hannu nan, da nan, ki koma bakin sana'arki."

Ya tura mata littafin, da wata farar takarda a saƙale a tsakiya. Daidai nan hadarin da ya wuni yana haɗuwa ya sako. Ruwa ya fara dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa, Don Eustorgio kuwa, bawan Allah, ya tashi ya tura ƙofa don kada feshi ya jiƙa masa takardu.

"Haba Malam, ƙofar!" in ji Yorlenis. Amma ina, an makara. Maryuris ta ƙanƙame gefen tebur, idanu sun firfito, tana neman abin karantawa. Ba abin da ya fi kusa da ita sai farar takardar. Ta fara karantawa, kalma bayan kalma:

"Ni, Yorlenis Arrieta, mahaifiyar ɗaliba Maryuris, ina sanar da cewa da son raina, ba tare da an tilasta mini ba, na janye 'yata daga wannan makaranta..."

Ta tsaya. Ta sake karanta layin a hankali. Sannan ta ɗago ta dubi uwarta, wadda biro ke hannunta, bakinsa a kan takarda.

"Mami, ke ma kin gaji da ni?"

Yorlenis ta ji kamar an watsa mata man kaskonta a ƙirji. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya bi baya, sai fushi ya zo ya kore su duka. Maimakon ta amsa wa 'yarta, sai ta tashi ta wangale ƙofa har ta daki bango.

"Da son raina? Don Eustorgio, da son raina ka ce? Kofin nan ashe na sallama ne?"

"Ki kwantar da hankalinki, señora. Gata muka yi mata. In ke kika janye ta, takardunta za su fita tsaf, ba tabon kora."

"Gata! To Allah ya ba ka irinsa." Ta jawo littafin gabanta, ta hau buɗe shafuka, yau dai sai ta ga abin da take sa wa hannu. Kowane shafi gida uku ne. Na farko cike da rubutun malamai har yana malala gefe. Na ƙarshe sa hannunta ne, wani ma da tabon mai. Na tsakiya kuwa fari tas, tun daga shafin farko. "Mija, 'yata, zo nan kusa da ƙofa. Me aka rubuta a saman gidan nan da ba komai?"

Maryuris ta leƙa, tana jan hanci. "Abin da makaranta ta yi don taimaka wa ɗalibi."



"Ai sai takardar likita ta zo tukuna," in ji Don Eustorgio.

"Buɗe ƙofa ma sai da likita?"

Ta zaro wayarta mai fasasshen gilashi, ta ɗauki hoton shafuka ashirin da uku, da farar takardar a kai, yana ta "ba a yin haka, señora", ko kallo bai ishe ta ba.

Da Petrona ta ji labari, sai da ta ajiye matsamin suya. "Ke ma dai da sanyin jiki kike! Ki kai tutela, takardar ƙarar neman haƙƙi, gaban alƙali mana. Ba lauya, ba komai, ko a takardar littafi ki rubuta. Ni da ita na ƙwato wa tsohona maganin ƙafarsa."

A kan teburin suyar aka rubuta ta da la'asar. Yorlenis na faɗa, Maryuris na rubutawa, don hannunta ya fi kyau, Petrona na tsoma baki inda ba a tambaye ta ba. Sau uku aka soke kalmar "munafuki". Washegari aka kai ta kotu, da hotunan.

Juma'a ta zo ta wuce, aka rufe rajista ba sunan Maryuris. Kwanakin nan Yorlenis ta ƙona arepa fiye da wanda ta ƙona a duk rayuwarta. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya kuwa ba makaranta ba ce. Tambayar nan ce da ba ta amsa ba, yarinyar kuma ba ta sake yi ba, sai dai ta dinga wanke kwanuka tun ba a sa ta ba, tana tafiya a gida kamar baƙuwa.

Rana ta goma hukunci ya fito: a yi wa yarinya rajista, makaranta ta zauna da uwar ta rubuta yadda za a tallafa mata ba tare da jiran likita ba, asibiti kuma ya matso da ranar.

Wannan karon Yorlenis ta je da tabarau, kuma ita ta jawo wa kanta kujera. Seño Nubia ta zo, da ɗan tabon haƙori a hannu, ta ce ita da ma ba wanda ya taɓa gaya mata zancen ambaliyar, da ta sani da ba ta ja yarinyar ba. Don Eustorgio ya cika gidan tsakiya da hannunsa, fuska a murtuke: kujerar Maryuris kusa da ƙofa, ƙofa a buɗe, in ana ruwa a bar ta ta fita baranda da littafi, kada kowa ya taɓa ta in ta firgita. Layi huɗu kacal. Abin da aka shekara ana yi wa baiwar Allah je-ka-ka-dawo a kansa ke nan!

"Mija, karanta mana da ƙarfi," in ji Yorlenis. Da yarinyar ta gama, sai ta juya littafin, ta tura masa biro. "Sa mana hannu nan, Malam, da nan. Ina da sana'a."

A hanyar gida yayyafi ya fara. Maryuris ta matse hannun uwarta, ta soma karanta allunan shaguna ƙasa-ƙasa: gyaran babur, ana sayar da ƙanƙara, a nan ake aski. Yorlenis ta tsaya cak a ƙarƙashin rumfar mai ƙanƙarar, ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa laka.

"Ran nan kin tambaye ni wani abu, ban ba ki amsa ba. Na gaji, mija, ba zan yi miki ƙarya ba. Na gaji da layi, na gaji da hatimi, na gaji da fuskar mutumin nan. Amma ke? Ko sau ɗari za a kira ni, zan kashe wuta in zo."

Maryuris ta dube ta. "Ko na sake cizon wani?"

"Ko kin sake." Ta share mata ruwa daga goshi, ta miƙe. "Amma don girman Allah kada ki sake."